Kwance Famfon Ban Ruwa da Mayar da Shi: Aikin da Kalmominsa a Ƙasar Bakolori

1. Gabatarwa

Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana yadda ake kula da famfon ban ruwa, da yadda ake kwance shi a mayar da shi, tare da kalmomin da masu wannan sana'a suke aiki da su a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, cikin Jihar Zamfara. Wataƙila mai karatu ya ce, ina ruwan ɗalibin harshe da ƙarfe da baƙin mai? Ruwansa kuwa shi ne, yawancin masu gyaran famfo a waɗannan wurare ba daga littafi suka koyi aikin ba. Daga bakin maigidansu suka ji shi, da Hausa, suna tsugune suna miƙa masa sifana. Saboda haka ilmin yana ajiye cikin kalmomi. Za a ga a nan gaba cewa sunayen kayan famfo kusan duka na aro ne, amma aikatau ɗin da ake umurni da su na gida ne, kuma a cikinsu ne tsarin aikin yake.

2. Bakolori da famfunanta

An fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1974, aka gama cikin 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima kuwa ita ce mai kula da shi. Tafkin da aka tare yana iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. An shirya za a shayar da gonaki hekta 23,000 ta hanya biyu. Hekta 8,000 ruwa zai gangara musu da kansa ta magudanai. Sauran hekta 15,000 kuwa sai an tura musu ruwa cikin bututu da ƙarfin famfo, ya fito yana yayyafi kamar ruwan sama. Watau kusan kashi biyu cikin uku na dukan aikin a wuyan famfo aka rataya shi.

Mutanen ƙasar sun biya wannan aiki da tsada. An tashi garuruwa, an karɓe gonaki, rigimar diyya ta yi tsanani har ran 28 ga Afrilu, 1980, 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta, rayuka da yawa suka salwanta. Duk da wannan, kafin 2003 sashen yayyafi ya riga ya daina aiki, abin da ake nomawa bai wuce hekta 7,500 ba, yawanci shinkafa, a sashen gangare. Dalilan mutuwar manyan famfunan suna da yawa: ƙarancin wutar lantarki, da tsadar kayan gyara waɗanda sai an yi odarsu daga waje, da rashin kuɗin kulawa. Da Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING cikin 2014 don farfaɗo da Bakolori da wasu manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, cikin abin da aka tsara har da mayar da wani yanki na sashen yayyafi ya koma na gangare.

A daidai lokacin da manyan famfuna suke mutuwa, ƙanana suna yaɗuwa. Tun cikin shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona suka soma kawo ƙaramin inji mai shan fetur, mai baki inci 2 ko 3, sa'an nan shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya ƙara baza shi tare da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi. Wannan inji shi ya kori jigo daga yawancin fadamu. Ya zauna da gindinsa ne domin mutum biyu suna iya ɗaukarsa, kayansa suna kasuwa, kuma akwai wanda zai buɗe cikinsa ya bayyana wa mai shi ciwonsa da harshen da yake ji.

3. Yadda famfo yake aiki

Babban famfo na tasha da ƙaramin na fadama asalinsu ɗaya ne. A cikin kowanne akwai farfela, watau faifan ƙarfe mai fikafikai a lanƙwashe, tana zaune a kan sanda, cikin wani gida mai siffar katantanwa. Inji ko motar lantarki ita ke juya sandar. Ƙaramin inji yakan yi juyi kamar 3,600 cikin minti guda, manyan motocin lantarki kuwa wajen 1,450 ko 2,900. In farfela ta juya cikin ruwa sai ta watsa shi gefe, kamar yadda ruwa yake fallatsa daga ƙafar keke, gidan ya tattara shi ya kai shi bakin fita. Ruwan da aka watsa ya bar gurbi a tsakiyar farfela, nauyin iskar da ke danne fuskar kogi ko rijiya sai ya turo wani ruwan ta tiyo ya cike gurbin.

Abu biyu suka fito daga wannan bayani. Na fari, ko da yake ana cewa famfo yana jawo ruwa, a gaskiya iskar waje ce take turo masa, ita kuwa ƙarfinta yana da iyaka. A lissafi ba ta iya ɗaga ruwa fiye da kamar mita 10, a aikace kuwa da wuya a wuce mita 7 ko 8. In ruwan rijiya ya yi ƙasa da haka, kome lafiyar inji ba zai kawo ba, sai a haƙa rami a saukar da shi kusa da ruwan. Na biyu, farfela ba ta iya watsa iska yadda take watsa ruwa, gama iska ba ta da nauyi. Lalle ne a cika gidan da ruwa kafin a tayar da inji, kuma kowace 'yar kafa da iska za ta shiga ta wajen tiyon shan ruwa tana iya hana aiki.

4. Sunayen kayan

Kalmar famfo kanta ta aro ce daga Ingilishi, kuma ta ɗauki ma'ana fiye da ɗaya: kan bututun da ake murɗawa a gida famfo ne, abin hura tayar keke ma famfo ne. Don haka manomi ya fi kiran nasa inji, ko injin ban ruwa. Sauran sunayen da ake ji kullum su ne noti, washa, boris, sil, gaskit, bawul, fulogi, giris, sifana, filaya da sukundireba. Tiyo kaɗai daga Faransanci ya shigo.

Duk sun bi ƙa'idojin da aka sani na aro. Harafin p ya koma f, kamar a famfo da fulogi da filaya. Harafin v ya koma b, kamar a bawul. Inda kalmar asali ta fara da baƙi biyu a jere, Hausa ta cusa wasali a tsakaninsu, shi ya ba da giris da sifana. Sunan mai sana'ar ma ya sha gyara: makanike, da Bahaushe ya ji gaɓar farko ta yi kama da ɗafin da ya saba da shi, sai ya cire ta ya sa ba-, aka sami bakanike, jam'i kanikawa, daidai da Bakano da Kanawa.

Inda ba a yi aro ba, jikin mutum aka ara. Famfo yana da baki biyu, da ciki, da kai, da gindi, da wuya. Ana tayar da shi, ana kashe shi, yana shan mai, yana tari, yana shaƙar iska. Mai tattara waɗannan kalmomi a Zamfara sai ya tuna kuma cewa Hausar yamma tana da hw inda daidaitacciyar Hausa take da f a gaban a, kamar hwari maimakon fari. Ya rubuta kalmar aro yadda ya ji ta, kada ya gyara wa mai magana baki.

5. Kulawa da alamun ciwo

Bahaushe ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yawancin abin da ke kai famfo gareji ana iya tare shi tun a gona. Babban abokin gabansa yashi ne, domin shi ke cinye fikafikan farfela da fuskar sil. Maganinsa a ɗaura rariya a bakin tiyo, a kuma ɗage shi daga ƙasan ruwa, ko a sa shi cikin kwando. Baƙin mai na sabon inji ana juye shi bayan awa 20 na farko, daga nan kuma kowace awa 100. In rani ya ƙare za a ajiye inji, sai a zubar da ruwan cikinsa, a tsiyaye fetur ɗin da ya rage, a juya sandar jefi-jefi don kada ta kama.

Famfo yana faɗin ciwonsa ga wanda ya iya saurare. In yana ƙara kamar an zuba tsakuwa a cikinsa, alhali ba tsakuwa, to ruwa ne ba ya isarsa: ko rariya ta toshe, ko tiyo ya lanƙwashe, ko ruwa ya yi nisa. A irin wannan hali ƙananan kumfa na tururi suna tasowa a tsakiyar farfela suna fashewa a jikinta, sannu a hankali su ɓula ƙarfen kamar zago ya ci itace. In kuka ne siriri tare da zafi a wajen wuya, boris ne. In ruwa na ɗiga tsakanin famfo da inji, sil ya ƙone, kuma galibi don an bar inji ya yi gudu ba ruwa. In jijjiga ce a babban famfo, a duba mahaɗin sandarsa da ta mota.

6. Kwancewa

A ɗauka manomi ne a Gidan Goga, cikin ƙasar Maradun, albasarsa ta soma ƙwai, inji ya daina kawo ruwa ana tsakiyar zafin bazara. Kwana kaɗan ba ruwa, wahalar wata uku ta tafi. Tun da rashin tsaro ya addabi hanyoyin Zamfara daga shekarun 2010, ɗaukar inji zuwa Talata Mafara ba ƙaramar shawara ba ce. Wanda ke kusa shi zai buɗe, kuma yadda ya buɗe shi ne zai nuna ko inji zai koma.

Kafin a taɓa noti, a raba famfo da abin da ke ba shi ƙarfi. A ƙaramin inji a cire wayar fulogi. A babbar tasha a kashe wuta, a kulle akwatinta, mai aikin ya riƙe mabuɗin a aljihunsa, a rufe bawul na shiga da na fita, a zubar da ruwan da ke ciki. Sa'an nan a yi shaida: a ja layi da alli ko ƙusa a kan duk ɓangare biyu da za a raba, don a san yadda suke fuskantar juna. A shimfiɗa buhu mai tsabta, duk abin da aka ciro a jera shi daga hagu zuwa dama bisa yadda ya fito. Wanda ya zube kaya cikin kwano ɗaya ya riga ya ɓatar da rabin aikinsa.

Ana cire murfi, a ciro gidan katantanwa, a kwance farfela, a zaro sil. Akwai 'yan siraran washa a bayan farfela waɗanda yaro yakan raina. A ƙirga su, gama su ne ke daidaita tazarar da ke tsakanin farfela da gidanta. Bayan an wanke kome, a duba haƙoran kusoshi, a murza sanda a kan shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri a ga ko ta lanƙwashe, a juya boris kusa da kunne.

7. Mayarwa

A nan ne aikin yake, a nan ne kuma harshen ya fi nuna kansa. Tun 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai bisa wasalin ƙarshe da karin sauti. Bakanike bai san sunan Parsons ba, amma da waɗannan azuzuwa yake horon yaronsa. Ga misalai na irin maganar da ake yi:

(1) Ɗaura noti, kada ka ɗaure.
(2) Zuba ruwa a kai. Zubar da wancan man.
(3) Zaro sil ɗin in gani.
(4) Maigida, ya ɗauru.
(5) Juya da hannu. Tana juyuwa?

A misali na (1), ɗaura aji na ɗaya ne, ma'anarsa a aza noti a kan kusa a murza shi da yatsu ya kama. Ɗaure kuwa aji na huɗu ne, mai nuna an kai aiki ƙarshensa, watau a matse da sifana. Saiwarsu ɗaya, karin sautinsu ɗaya, wasalin ƙarshe kaɗai ya raba su, amma babbar ƙa'idar mayar da famfo tana tsakaninsu: a ɗaura duka kafin a ɗaure ko ɗaya. In aka ɗaure noti guda tun sauran ba su hau ba, murfi zai karkace, gaskit ya matsu a gefe ɗaya ya saki a ɗaya, iska ta sami hanya. In an zo ɗaurewa kuma ba a bin da'ira. A matsa wannan kaɗan, a tsallaka ga wanda ke fuskantarsa, a dawo, a kewaya haka sau biyu ko uku har su yi daidai.

A misali na (2), zuba aji na ɗaya ne, zubar aji na biyar, ɗaya cikawa ɗaya fitarwa. A na (3), zaro aji na shida ne, mai nuna aiki ya nufo mai magana. Na (4) da na (5) aji na bakwai ne, wanda karin sautinsa ƙasa ne sa'an nan sama. Shi ne ajin jarrabawa. Ya ɗauru, ya haɗu, ya zaunu, duk suna shaida aiki ya yi yadda ake so. In kuma aka sa shi cikin sigar ci gaba, kamar tana juyuwa ko ba ta juyuwa, sai ya nuna yiwuwa ko rashinta. Yaron da ya ce ya ɗaure ya ba da labarin abin da hannunsa ya yi ne kawai. Wanda ya ce ya ɗauru ya ɗauki alhakin sakamakon.

Tsarin mayarwa shi ne a bi jerin kan buhu daga dama zuwa hagu: abin da ya fito ƙarshe shi ke fara komawa. Akwai wurare huɗu da suke bukatar natsuwa.

Na fari, boris, a famfon da ke da gidan boris nasa. Ba a dukansa da guduma kai tsaye. In za a zura shi a kan sanda, ƙarfin ya sauka a kan zoben ciki kaɗai, ta hanyar guntun bututu mai daidai faɗinsa. A manyan famfuna ana ɗumama shi zuwa kamar digiri 110, kada ya wuce 120, ya buɗe ya shige da kansa. Giris kuma ba a cika gidan da shi fal, domin yawansa yana kawo zafi kamar yadda ƙarancinsa yake kawowa.

Na biyu, abin da ke hana ruwa bin sanda. Ƙananan injuna da yawancin sababbin famfuna sil gare su: fuska biyu masu santsi, ɗaya baƙa ta gawayi, ɗaya fara mai kama da tangaran, waya mai tsalle tana matsa su. Ba a taɓa fuskokin da yatsa mai datti, ba a canja ɗaya a bar ɗaya. Tsofaffin manyan famfuna kuwa igiyar toshi ake yanka musu zobe-zobe a cusa a wuya. Kada bakin yankan zobe ya yi daidai da na mai bi masa. A karkatar da kowanne rubu'in da'ira. Wannan iri dole ne ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan, gama ɗigon ne ke sanyaya shi. Wanda ya ɗaure har ɗigo ya tsaya, yana ganin ya gyara, ya ƙona igiya ya kuma ci sanda.

Na uku, farfela. A mayar da siraran washa yadda aka ƙirga su. In tazara ta yi yawa ruwa zai riƙa komawa baya, inji na ruri ruwa na fita kaɗan. In ta yi kaɗan ƙarfe zai gogi ƙarfe. Gaskit da zoben roba sababbi ake sawa, ko da tsofaffin suna da kyan gani.

Na huɗu, mahaɗin sanda, a inda famfo da mota suke rabe. Lalle sandunan biyu su miƙe kan layi ɗaya. Ana aza ƙarfe madaidaici a kan mahaɗin ta sama da ƙasa da gefe biyu, ana cusa siraran faranti a ƙarƙashin ƙafafun mota har rata ta ɓace. Bayan an ɗaure bututu a sake aunawa, domin nauyin bututu yakan janye famfo daga inda aka aje shi.

In an gama, tambaya ta (5) ita ce ƙofa. A juya sanda da hannu. In ba ta juyuwa, ko ana jin gogayya, a sake buɗewa, kada a ce wuta za ta sassauta ta. A motar lantarki mai waya uku a ɗan taɓa wuta a ga inda ta nufa, a gwada da kibiyar da ke jikin famfo. In an musanya waya biyu mota za ta juya da baya, famfo ya ba da ruwa kaɗan har a zaci wani ciwo ne, farfela mai murɗi kuwa tana iya kwancewa. Sa'an nan a cika ruwa, a tayar, a tsaya a kansa ana taɓa wuya ana saurare.

8. Abin da ya rage ga malamai

Ƙamusun Bargery ya fito cikin 1934, na Abraham cikin 1949, tun jigo yana sarautar fadama. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito cikin 2006. Kalmomin sana'a kuwa ba su jiran ƙamus. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, manoma da yawa suka mayar da injunansu masu aiki da iskar gas, wasu suka koma ga famfo mai aiki da hasken rana, kowanne kuma ya zo da sababbin sunaye da ake gyara musu baki yanzu haka.

Aiki biyu ke gaban malaman Hausa, musamman na kwalejojin horon malamai. Na ɗaya, su aika ɗalibai garejin kanikawa da bakin fadama su rubuto kalmomin tare da jimlolin da aka faɗe su a ciki, da karin sautinsu, da sunan garin da aka ji su. Jerin sunaye kaɗai ba zai wadatar ba, tun da an ga cewa tsarin aikin yana cikin aikatau. Na biyu, su haɗa kai da malaman sana'a a rubuta ɗan littafin kula da famfo da Hausa, da boko da ajami, ba fassarar na Turanci ba, a gina shi bisa umurnin da maigida yake ba yaronsa. Malamin da ke neman misalin bambancin aji na ɗaya da na huɗu da na bakwai zai same shi a nan cikin kalma uku, ɗaura da ɗaure da ɗauru, ɗalibin da ya fito daga gidan noman rani kuwa ya riga ya san abin da ke faruwa ga albasa in aka rikita su.